Dakta Ramsden da Kalmar da Ba Ta Cikin Ƙamus

Allah ya yi wa garin Skelby baiwa biyu: ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da kuma Dakta Cuthbert Ramsden, shugaban sashen Turanci na makarantar sakandaren garin. Ruwan dai yakan tsagaita wani lokaci. Dakta bai taɓa ba.

Mutum ne da bai san a ce "na gaji" ba, sai dai "gaɓoɓina sun shigar da ƙara gaban zuciyata." Ko burodi ya je saye, sai mai shago ta nemi fassara. Ɗalibai suna kiransa Ƙamus Mai Takalmi. Da sunan ya zo kunnensa sai ya ji daɗi, ya ɗauka lambar yabo ce.

Duk Litinin yana ba 'yan ajin ƙarshe kalmomi talatin su haddace, kowace kalma ta fi bakin mai faɗinta tsawo.

"Gajeriyar kalma ta talaka ce," in ji shi. "Ni kuwa ba talakawa nake renowa ba."

Amma babban abin alfaharinsa wata 'yar waƙa ce mai layi goma sha biyu, wadda wata ma'aikaciyar masaƙa, Edna Thwaite, ta rubuta shekara hamsin da suka wuce. A layi na bakwai akwai wata kalma da babu ita a kowane ƙamus. Dakta ya yi shekara tara yana haƙa, har ya gano, shi kaɗai a duniya, cewa tsohuwar kalma ce ta mutanen arewa masu jiragen ruwa, ma'anarta baƙin cikin wanda ya tuna teku alhali bai taɓa ganinsa ba. Ya rubuta littafi mai shafi ɗari biyu a kanta. An sayar da kwafi goma sha ɗaya, tara daga ciki ƙanwarsa ce ta saya.

Sai ga wata ɗaliba, Bronwen Akroyd, 'yar direban bas, ta rubuta a takardar gwaji cewa ita a ganinta waƙar wata mace ce da ta dawo daga aiki a gajiye tana son shan shayi. Dakta ya zabga mata biyu bisa ashirin. Wannan makin kuwa shi za a aika wa jami'ar da take nema.

"Yallaɓai, to ai abin da waƙar ta ce ke nan," in ji Bronwen, idonta ya ciko.

"Yarinya, waƙa ba ta faɗin abin da ta ce. Da haka ne, me zai sa a ɗauke ni aiki?"

Bronwen ta tafi gida. Ta gaya wa kakarta, kakar kuma ta ce ai Edna tana nan da ranta a gidan tsofaffi na bayan tashar jirgi, tare suke karta ranar Alhamis. Dakta ya shekara tara yana ce mata "marigayiya" a gaban ɗalibai. Bai taɓa tambaya ba, don manazarci na gaske ba ya ɓata lokaci a kan masu rai.

Da labari ya kai wa shugabar makaranta, Misis Garside, sai ta gayyato Edna. Ranar Laraba da hantsi aka turo ta zauren taron makaranta a keken guragu, da jakar saƙarta a cinya. Aka ba ta shayi da biskit. Dakta ya ɗaura jan laktaye, ya hau dandamali ya gabatar da ita. Gabatarwar ta ci minti arba'in, tsohuwa ta yi gyangyaɗi sau biyu. Da ya iso kan kalmarsa sai ya dafe ƙirji.

"Uwargida, gaya wa waɗannan yara daga wane zurfin rai kika tsamo wannan lu'ulu'u."

Edna ta gyara tabarau, ta karɓi takardar waƙar ta kai ta kusa da hanci.

"Wannan? Ai buta ce, ɗan nan. Butar shayi. Mai ɗab'in ne ya juya haruffa biyu, mashayi ne, Allah ya ji ƙansa. Na yi masa magana ya ce ba wanda zai kula."

Daga can baya wani ɗalibi ya tuntsire da dariya, sauran suka ɗauka. Misis Garside ta sunkuyar da kai tana rubutu a littafinta, kuma kafin a tashi ranar wani malami ya sake duba takardar Bronwen ya ba ta goma sha bakwai.

Dakta dai bai girgiza ba. Ya gyara laktaye, ya jira hayaniya ta lafa.

"Sanannen abu ne a fagen nazari," ya ce, "cewa mawaƙi shi ne na ƙarshen fahimtar waƙarsa. Da uwargida za ta zauna jarrabawata, ina mai baƙin cikin cewa ba za ta ci ba."

"Ƙwarai kuwa, ɗan nan, ni aji shida na tsaya," in ji Edna. Ta miƙa masa kofinta. "Amma tunda yanzu ka san mece ce buta, je ka ɗora mana. Wannan ya huce tun kana surutu."