Yadda Za Ka Auna Hasken Cibiyar Taurari Ba Tare da Autarka Ta Bar Gida Ba

Idan autarka na karatun sararin samaniya, kuma an ce in lissafinta ya yi daidai za a ɗauke ta aiki wajen wani madubin hangen nesa a ƙolin dutse, a ƙasar da bakinka ba ya iya faɗin sunanta, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan. Na ba ka tabbaci ko zaure ba za ta wuce ba.

1. San abokin gaba

Za ta ce akwai garken taurari, a tsakiyarsa baƙin rami mai haɗiye komai, abin da ke gangarawa cikinsa yana ɗaukar zafi har haskensa ya danne na garken duka. Aikinta ta ƙiyasta yawan hasken. Kai da ka yi furfura kana sayar da ƙwan lantarki, tambaye ta wat nawa ne. In ta jero sifiri har layi ya ƙare, ce mata jabu ne. Ƙwan da aka cika wa lamba a kwali ba ya daɗewa.

2. Raina hoton

Za ta nuna maka ɗigo a kwamfuta. Goge shi da hannun riga. "Baba, ba datti ba ne, nisa ne. Ɗan hasken da ya iso muke ninkawa da nisan, mu sake ninkawa." Tambaye ta wa ya je da awo.

3. Kama ta a kan ƙura

Tana ƙara wani abu a lissafin wai don ƙura ta tare hasken a hanya. Nan za ka tsaya. Ni in na ce wa mai saye, "Ƙwan na da haske, ƙura ce ta rufe shi," da shi zai jefe ni.

4. Nemi goyon bayan uwarta

Tsallake wannan. Ni da na gwada, amsar da na samu ita ce, "Malam, ɗaga, kana zaune kan rigar sanyinta."

5. Sa ta sake dubawa

Duk lissafi yana da ɓaraka, in an nace. Zauna kusa da ita, ka ce ba ka yarda ba, ta sake daga farko. Ta sake kuma. Sai dai ka san lokacin tsayawa. Tawa ta zaro ido, ta gyara wata lamba, ta ce, "Baba, da ba don kai ba da na faɗi." Malaminta ya karɓi aikin har da yabo.

6. Yi tambayar da ke ranka

Tana ɗaure jaka, ka tsaya a bakin ƙofa kamar kana duba makunnin wuta. Ce mata, "Daga can ai mu ma ɗigo za mu koma."

Za ta ce, "Nisa ba ya rage wa abu haskensa, Baba. Abin da ke isowa ne kawai ke raguwa. In na kira sau ɗaya, ka ninka."

Ce ƙura ce ta faɗa maka a ido.

Gargaɗi: marubucin nan ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Kada wanda ya zo shagona da ƙorafi. Tocilan da aka tsinta a cikin jakarta ma ban san wanda ya sa ba. Amma da batir a ciki.