Cindo da Cinyar Duna

A ƙauyen Tsamiyar Kura akwai wani maharbi, Barmo, mutum mai zafin rai na innanaha. Gidansa su huɗu ne: shi, da matarsa Tabawa, da ƙanensa Cindo, da karen farautarsa Duna. Dunan nan kuwa shi ke riƙe da gidan, ranar da bai kamo ba miya lami ce. Shi Cindo gardi ne da gemunsa, amma Allah ya zuba masa wata kwanya mai ban haushi. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari.

Wata rana Duna ya bi gada ya rufta kwazazzabo, ƙashin cinyarsa ya karye biyu. Barmo ya kwashe shi sai asibitin dabbobi na birni, Cindo na biye. Likitar, Dakta Saratu, ta tsaga cinyar, ta haɗa ƙashin da wani siririn ƙarfe da ƙusoshi, ta ɗinke. Ta ce in ƙashin bai kama ba sai dai a yanke ƙafar, don haka kada a bari ya taka ta a ƙasa. Washegari sai ga Cindo a tsakiyar kasuwa goye da kare, kuma da zanen Tabawa na zuwa biki! Masu fura suka rurrufe ƙore suna tsine masa, liman ya tare shi a ƙofar masallaci ya kora shi da sanda. Tabawa ta rantse ko an wanke zanen sau bakwai ba ta ƙara ɗaura shi. Barmo ya zage shi tas, har muryarsa ta dushe. Cindo ya ce shi dai ƙafa ba ta taɓa ƙasa ba.

Wata rana Duna ya ƙi cin abinci. Hankalin Barmo ya tashi, da zai fita gona ya ce duk abin da karen ya kalla a ba shi. Kare kuwa me zai kalla a tsakar gida in ba kajin Tabawa ba? Kafin ta dawo daga rijiya an fige uku. Barmo ya shigo ya tarar da ita tana kuka a kan gashin kaji, Cindo na wasa wuƙa, Duna ya ƙura wa tunkiyar maƙwabci ido ta kan danga. Ranar nan, da taɓarya ya bi ƙanensa har bakin rafi.

Wata rana aka buga gangar farauta, maharban ƙauyuka biyar suka hallara. Sati biyar ke nan da aikin, likita kuwa ta ce sai ya huta sati takwas. Barmo ya ƙudura ai ƙafa ta warke, ya yi wa Duna fito. Duna ya ɗaga kai, ya mayar ya kwantar. Ya sake yi, kare ko motsi. Abokan farauta suka fara dariya, wani ya ce a kawo zane a goya masa shi. Ran Barmo ya yi baƙi ƙirin. A ganinsa goyo da naman kaza ne suka sangarta masa kare.

"Cindo, ɗauke shi ka mayar wa likitar," in ji shi, "ka ce na bar mata!"

Ya saɓi kwari da bakansa ya wuce. Da ya dawo da la'asar hannu wofi, Tabawa ta gaya masa Cindo ya shiga motar birni tun hantsi da kare a kafaɗa. Wayyo takaici! Karen da ya raina tun yana ɗan kwikwiyo, a kyautar masa da shi a kan maganar fushi?

Da safe ya dira asibitin yana huci, bulala a hannu. Dakta Saratu ba ta bari ya buɗe baki ba. Ta ɗaga masa hoton ƙashin a fuska, ta nuna masa ƙusa guda da ta kwance, ta ce mugunya ta taru a ƙarƙashin ɗinkin, ciwo ne ya hana karen tashi ba sangarci ba. Jiya da rana ta sake buɗewa ta gyara. Da ya ja shi daji, da yau ƙafa uku gare shi. Ta yi masa wankin babban bargo a gaban jama'a, bulalar ta koma bayansa.

Da ta gama, ya nufi kejin da Duna ke kwance. Cindo ya sha gabansa.

"Ba naka ba ne, Yaya. Ka bar mata."

Barmo ya dube shi, ya dubi likita, ya tuɓe hula ya roƙe ta don Allah ta mayar masa da karensa.

"Ka makara, Malam Barmo," in ji ta. "Na ba wanda ya kawo shi."

Har yau in Barmo zai shiga daji, sai ya tsaya ƙofar ɗakin Cindo yana cizon haƙora, ya nemi aron kare.