A Fadama Ba A Kunya

Neman auren Saratu wahala ce zalla, kuma ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɓata shi da hannuna ba. Shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama ne. Ni mutumin Kagoma ne, doya na sani. Ita kuwa garinsu yana can fadama wajen Jere, inda ƙasa ta kwanta shimfiɗe, baƙa wuluk. Kogi yana cika da damina ya bar musu laka, su shuka shinkafa da rake da gwaza, da rani su yi lambu. Ƙauye na manne da ƙauye, don duk wanda ya sami taki ɗaya a wurin ba ya tashi. Ko shekarar da ruwa ya ƙi a tudu, daga can muke cin abinci.

Al'ada ce mai neman aure ya yi wa suruki noma. Na saɓa garmata na tafi. Baba Dogara, uban Saratu, ya nuna mini filinsa a bakin kogi, ya ce, "Ɗana, ka ji da kyau. A fadamar nan ba a kunya. Wanda ya kawo mini kunya bai san inda ya zo ba." Ya wuce jana'iza a majami'a.

Na ce a raina, ga tsoho mai sauƙin kai. (Makarantata ba ta yi nisa ba, Hausar ma a kasuwar Kafanchan na tsince ta. Abin da muke tayarwa da garma a gonar doya, da yarenmu nake kiransa.)

Na duƙa na yi ta jan ƙasa, layi bayan layi, dogaye har gwiwa, irin waɗanda ake yabona a kansu a gida. Maƙwabta suka bar aikinsu suna kallo. Wata tsohuwa ta ce, "Sannu, maigida. Wa za a binne a nan?" Na ɗauka yabo ne, na ƙara ƙarfi.

Da la'asar na koma gidan, na tuna an ce ba a kunya. Na zauna a kujerar Baba. Aka kawo masa tuwon shinkafa, na wanke hannu na sa a kwanonsa, har na ɗauki kan kifin. Na kira Saratu da suna a gaban uwarta, na ce ta ƙaro miya. Ta ajiye kwano ba ta dube ni ba. (Har yau ina ganin ƙeyarta.)

Bayan an gama ci, Baba ya kai ni filin. Ya daɗe yana kallon aikina, sannan ya ce, "Shinkafa a shimfiɗe take so, ruwa ya kwanta mata ko'ina. Na ce maka ban da kunya, ka cika mini gona da ita. Wadda ya kamata ka shigo gidana da ita kuwa, ka baro ta a Kagoma."

Maƙwabta suna nan tsaye. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi, da ya fi mini sauƙi.

Saratu ta auri wani ma'aikacin reluwe, an ba su fili a gefen wanda na nome. Ni ina nan Kagoma ina fama da tsakuwa, bayana ya ƙare. Yanzu in babba ya faɗa mini kalma, sai na tambaye shi wacce yake nufi, ko da za a ce ni wawa ne.

Washegarin ranar da na yi wannan aika-aika ban jira kunu ba. Na koma bakin kogi na baje kunyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, filin ya koma yadda na same shi, na saɓa garmata na kama hanyar tudu.