Ranar da Lokotoro Barmo Ya Ba Bateri Kanwa

Duk wanda ya shiga kasuwar Gangara bai gaida Lokotoro Barmo ba, zuwan banza ya yi. Shi ne likitan bateri na Damargu kaf, kuma ba sai ka tambaya ba. Lasifikarsa ce ke faɗa tun hantsi har la'asar, da muryarsa, da wutar wani sabon bateri da yake gogewa kullum kamar jinjiri.

Karatunsa kuwa mai zurfi ne. Kwana uku cur ya yi a wani gareji a Damagaram, yana jiran a gyara motar da za ta mayar da shi gida. Ya dawo da farar rigar gwanjo da abin awon wuta marar allura, ya rataya a wuya. 'Yan kasuwa suka sa masa Duz-Bol, wato ƙarfin wutar bateri sha biyu da Faransanci, shi ya ɗauka naɗi ne.

Ana gobe kasuwa, Asibi mai zoɓo ta turo baterinta a baro. Shekara shida yana riƙe mata firigon sanyaya zoɓo. Ita ke wanke farin gishirin da ke fito masa a kai da ruwan ɗumi, ta shafa ɗan giris. In damina ta yi ta tari ruwan sama a kwalba ta riƙa ɗiga masa, ba ta taɓa bari ya ƙare ƙaf ba. Yanzu dai kafin azahar ya gaji, ga tukunya biyu na zoɓo ta dafa, ba mai sayen zoɓo da zafi.

"Malam Barmo, duba mini shi kawai. Ko ruwa ne ya yi ƙasa."

"Lokotoro, madam. Lokotoro." Ya kara abin awon a gefen baterin, ya rufe ido yana saurare. "Ruwan sama? Shekara shida kina ba bawan Allah ruwan sama zalla, ba abinci? Ai ni mamakina bai kai ƙararki jandarmeri ba."

Jama'a suka fara taruwa, shi kuwa Lokotoro in ya ga taro ilimi zubo masa yake yi.

"Ku saurara, yau kyauta ne. In raƙumi ya tsufa me ake ba shi? Kanwa! In saniya ta rame? Kanwa! To bateri ya fi raƙumi ne? Turawa ba su gano wannan ba saboda ba su taɓa kiwo ba. Shekara goma zai ƙara, na sa hannu."

Aghali, Buzun da ke sayar da kanwa a rumfar gefe, ya gyara amawalinsa. "Lokotoro, raƙumi fa yana da ciki."

"Wannan guda shida gare shi," in ji Lokotoro, yana kwance murafen ɗaya bayan ɗaya.

Asibi ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu. Ya dama kanwar Aghali a kofin shayi, ya ɗura wa kowane rami rabonsa, har da bismilla.

Baterin ya yi gurnani. Kumfa ta taso fuuu, ta malalo kan tebur, ta bi farar riga, ta gangara wando. Mutane suka ja da baya suna toshe hanci.

"Kun gani! Tsufan ne yake amayarwa!" Ya duba awonsa marar allura. "Katorz! Sha huɗu cif! Saura kaɗan ya fi sabo!"

Aghali ya ciro ƙwan fitilar babur ya jona. Shiru. Ya juya wayoyin. Ƙwan ko ƙyafta ido bai yi ba.

"Barci yake," in ji Lokotoro. "Bayan tiyata dole majiyyaci ya huta."

Asibi ta dubi baterinta, ta dubi Lokotoro. Ba ta yi zagi ba. Ta zagaya bayan tebur, lasifika na tsakiyar cewa "Ku zo wurin Lokotoro Bar...", ta fizge waya, ta rungumi sabon baterin nan, jinjirin Lokotoro, ta aza a baro.

"Madam! Wannan na ofis ne!"

"In majiyyacinka ya farka, ɗan nan, ka turo mini shi mu yi musaya."

Washegari zoɓon Asibi ya yi sanyi har yana kama haƙori, kasuwa kuma ta ci lafiya ba lasifika. Lokotoro yana nan a rumfarsa, wandonsa ya zama rariya, yana zaune daram a kan majiyyacin. Kuma a yi masa adalci, bai yi ƙarya ba. Kujera ce mai ƙwari, za ta yi shekara goman.