Ranar da Na Gyara wa Bature Ruwan Inabinsa

Ni ɗan mai zobo ne, a gindin tukunyarsa na tashi, don haka ba mai koya mini jan abin sha. Da wannan taƙamar na shiga liyafar da mudir, wato shugaban kamfaninmu, ya shirya wa wani tsohon Bature ɗan Italiya, mai gonar inabi. Ya kawo ruwan inabinsa marar giya kala huɗu, kowanne da abincinsa: wannan na taliya, wancan na gasasshen rago.

Aka jera mini kofi huɗu, kowanne da ɗan kaɗan a ƙasa kamar maganin tari. Na kurɓi ɗaya, na ji bauri. Nan take na gano matsalar: bawan Allah ya manta da sukari. Don in rufa masa asiri, na juye huɗun a kofi guda, na zuba sukari cokali uku, na dama sosai. Ƙarar cokalina ce ta sa kowa a teburin ya juyo yana kallona.

Tsohon ya dafe ƙirji. Mudir, wanda sabunta iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, ke hannunsa, ya ƙura wa silin ido. Abokina Dakta Bashir ya take mini ƙafa ya ce, "Injiniya, don girman Allah!" Ni kuwa na miƙa wa Baturen kofin, na ce ya ɗanɗana ya ji bambanci.

Iƙama dai an sabunta. Amma har yau, ko ruwan sanyi aka miƙo mini a gidan 'yan'uwa a unguwar Shifa, sai wani ya ce, "A kawo wa Injiniya sukari?"

Su yi ta yi. Nawa ya fi daɗi.