Gavro da Kujerunsa

Duk wanda ya ce ƙasarmu ba ta haifi manyan mutane ba, to bai taɓa ganin Gavro Perunovic yana fitowa daga shagon burek, wainar nan mai nama da maiƙo, da safe ba: tumbi a gaba, makullai na kaɗawa a ƙugu, maiƙo na ƙyalli a gashin baki. Shi ne daraktan filin ƙwallon garinmu, Brezovo. Bai taɓa buga ƙwallo ba, amma wannan ba aibu ba ne, don ya taɓa zama a mota ɗaya da wani da ya buga. A gabansa Darakta ake ce masa. In ya ba da baya, Janar Kujera.

Manyan filayen ƙasar nan uku ne: na babban birni, namu, da na bakin teku. Namu ne na biyu a girma, kuma wannan "na biyu" ta tsaya wa Gavro a maƙoshi. Kullum a gidan kofi sai ya buga tebur.

"Ni Gavro, a bayan wani? Da me mutanen birni suka fi mu? Kujeru ne kawai! To za su ga kujeru."

Ana haka hukumar wasanni ta aiko da kuɗin gyaran rufi, don in ana ruwa 'yan kallo da lema suke zama. Gavro ya dubi rufin, ya ga ba wanda ke ƙidaya rufi in ana lissafin girman fili. Ya yi odar kujeru.

Radule, kocin ƙungiyar garin, ya same shi a ofis.

"Darakta, garin nan kaf, har da jarirai da na maƙabarta, ba za su cika kujerun da muke da su ba."

"Radule," in ji Gavro cikin tausayi, "kai ƙafa ka sani. Ni tarihi nake ginawa."

Sai dai tarihi na buƙatar wuri. Bayan raga ɗaya kogi ne, bayan ɗayar katangar coci. Ƙaramin mutum da nan zai tsaya. Gavro kuwa ya ce tun da ba a iya yin baya, a yi gaba. Aka tumɓuke ragogin, aka matso da su ciki, aka jera sababbin kujeru a kan ciyawar da aka samu. Da aka ƙirga aka ga na birni har yanzu ya ɗara, sai aka sake matsowa.

A wasan gwaji na farko, mai tsaron gidanmu ya daki ƙwallo daga gaban ragarsa, ta faɗa kai tsaye cikin ragar baƙi. Shi kansa ya tsorata. Gavro ya shiga lasifika.

"Jama'ar Brezovo, kun gani! A zamanina har mai tsaron gida ci yake!"

Daga nan kai ya ƙara girma. Ya gayyato masu duba filaye na Turai da kansa, don a kwashe wasannin ƙasa daga birni a kawo masa. Ranar da za su zo ya sa kwat ɗin aurensa, wanda maɓallinsa ya daɗe da yanke zumunci da raminsa. Aka shirya tebur da cuku da kyafaffen nama da barasar rakija mai ƙona maƙogwaro. Shugabar tawagar, wata doguwar mata mai furfura, ta saurari jawabinsa a kan kakanninsa da suka kori mahara daga tsaunuka, ta yi godiya, ta ɗauko igiyar awo.

Ta auna tsawon filin. Ta goge tabarau ta sake aunawa. Sannan ta juyo ga tafinta.

"Tambaye shi, ina sauran filin?"

Gavro ya shiga gyara maɓallin kwat ɗinsa. Radule ne ya taimaka masa.

"Ranki ya daɗe, yana nan lafiya. Kujeru ne a kansa."

Ba a hana mu wasannin ƙasa kaɗai ba, har na gida aka hana. Ƙungiyarmu ta koma buga "wasan gida" a Podlug, garin abokan gabarmu da ke bayan tsauni, inda ake tarbar 'yan wasanmu da ihun, "Ga masu kujeru nan!" Kafin kakar wasa ta ƙare mun faɗa ƙaramin rukuni. Radule ya rasa aikinsa, ya koma gyaran taya. Tsofaffin da suka yi rayuwarsu suna zuwa filin nan duk Lahadi suka koma zaman gida da rediyo.

Stanka, matar Gavro, ta dawo daga kasuwa ta dire kwando.

"Gavro, ko mai kabeji ba ta amsa gaisuwata."

"Haka ake yi wa manya," in ji shi. "Amma ki tambaye ta, filin wa ya fi girma a ƙasar nan?"

Majalisar gari ta rasa yadda za ta yi da fili mafi girma a ƙasa, sai ta ba makiyaya aronsa don kasuwar tumaki ta kaka. Ba wanda ya nemi jawabin buɗewa. Gavro ya ga bai dace a hana jama'a ba. Ya hau mumbari, makiyaya na can gefe suna duba haƙoran raguna, ya yi magana a kan hangen nesa, da hassada, da yadda jikoki za su tuna da shi. Da ya kai ƙarshe ya ɗaga hannu sama, lasifika ta yi wata ƙara, tumakin suka ɗaga kai gaba ɗaya.

"Mbeee!"

Ya koma gida fuska cike da annuri, ya shaida wa Stanka cewa tunda yake bai taɓa samun taron da ya fahimce shi irin na yau ba.

Stanka ta ajiye masa kwanon wake.

"Ba mamaki," ta ce. "Yau ne suka ji yarensu."