Ranar da Ticha Tanimu Ya Shiga Rumbu

Ke Balaraba, ɗauke mini littafin nan daga fuska. Ni za ki tambaya Turanci? Kullum ana tura ki makaranta, ki rasa wanda za ki kawo wa aikin gida sai ni da ban taɓa riƙe fensir ba? Malaman naku me suke yi, gyangyaɗi? Sake faɗa in ji. Sitatil? To kin ci sa'a. Duk Turancin duniya wannan kaɗai na sani, kuma ba a aji na koya ba. Ku matso, ku yi mini shiru.

Wani mutum ne a garinmu, Kukar Bawa, ana ce da shi Tanimu. Ya tafi Ikko ya yi wata bakwai yana wanke kwanuka a gidan wani Bature, ya dawo da tabarau, da takalmi sau-ciki, da wata baƙar kwat da ko rana na narka dutse ba ya cire ta. Ya ce wai tafinta ya yi a can. Daga ranar, in ka ce Tanimu ba ya waiwayowa, sai ka ce Ticha. Ko tuwo aka ajiye masa sai ya gaya wa tuwon sunansa da Turanci kafin ya kai loma.

A lokacin an buɗe ajin manya a gindin durumin ƙofar gidan Mai Unguwa. Magidanta ke zuwa bayan la'asar in an taso daga gona. Tanimu ya kama koyarwa ba wanda ya sa shi. Sai labari ya zo cewa ran Laraba mai duba makarantu, wani Malam Sidi, zai zo daga birni. In ya gamsu da malamin, zai ba shi takardar aiki da sabon keke. Tanimu har ya share wurin da zai riƙa jingine keken.

Darasin makon kuwa wannan kalmar taki ce. Ya bayyana musu cewa sitatil shi ne abu ya faɗo maka ba zato, gabanka ya yanke, ka zabura tun ba ka san me ya faru ba. Ba irin tsoron wanda ya daɗe yana jin kukan kura daga nesa ba ne, na farat ɗaya ne. Nan dai ya faɗi gaskiya. Amma bakin bai tsaya ba. Ya ce abin na ƙauyawa ne, wanda ya sha boko jininsa ya riga ya kwanta. Shi a Ikko, in ji shi, tayar babbar mota ta fashe a gefen kunnensa yana shan shayi, ko shayin bai girgiza ba.

A cikin ɗaliban akwai Jatau maƙeri, dattijo ne, kansa ba ya ɗaukar karatu amma ba abin da ke wuce idonsa. Ya sosa gemu ya ce shi fa har yanzu bai gane ba.

Tanimu ya ce, "Baba Jatau, kai dama kanka uwar maƙera ne, sai da guduma. Bari Laraba ta zo, a jikinka zan nuna maka."

Ga dabarar da ya ƙulla. A bayan durumin akwai wani tsohon rumbun kara, tun bara ba hatsi a ciki, gefe ɗaya ya ɓule. Zai ɓuya a ciki kafin a taru. In baƙo ya zauna ana cigiyar malami, sai ya faso da ihu. Jama'a su watse, Jatau ya wuntsila, shi kuma ya gyara kwat ya ce ga darasin yau. A ganinsa ko a birni ba a taɓa koyarwa irin wannan ba.

To ku da aka haifa a gidan siminti ba ku sani ba. Rumbun da ya daɗe a wofi ba a faɗa masa haka kawai. Sanda za ka samu ka bubbuga, ka ja da baya, ka jira. In akwai mai gida a ciki, maciji ko kunama, ya fita, sannan ka shiga. Tanimu ya sani sarai, uwarsa ta koya masa. Amma ya ce bugun rumbu aikin jahilai ne, kuma in ya buga za a ji.

Ran Laraba da azahar, gari ya yi tsit, ya lallaɓo. Ya dubi takalminsa yana ƙyalli, ya dubi ƙurar rumbu, ransa bai ba shi ba. Ya tuɓe su ya jera a bakin rumbun tsaf, kamar mai shiga masallaci. Ya rarrafa ciki ya tsuguna.

Ga duhu, ga zafi. Gumi ya jiƙa kwat sharkaf. Ƙaiƙayin gero ya bi wuyansa ya gangara har inda ba a faɗa a gaban yara. Ya cije, yana tuna keke.

Bayan la'asar aka taru. Malam Sidi ya iso, an ɗauro keken a bayan mota, ƙararrawa na sheƙi. Ya zauna ya tambaya ina malami. Jatau ya nuna masa takalmin da leɓe. Kowa ya gani, kowa ya gane. Aka juya tabarmi a hankali aka fuskanci rumbu, aka harɗe ƙafa, kamar masu jiran fitowar ɗan kama.

Tanimu ya ji an yi shiru, ya ce lokaci ya yi. Ya cika ƙirji da iska, ya kai hannu baya zai dafa ya yunƙura. Hannun ya sauka a kan wani abu mai laushi, mai ɗumi, mai motsi.

Ashe kazar matar Mai Unguwa ce, kwana goma sha takwas tana kwanci a lungun. Tun azahar ba ta ce masa uffan ba, tana dai kallonsa da ido ɗaya.

Fuuu! Kwaaak! Ta tashi ta rufe masa fuska da fiffike, ta kai sara a hanci. Tanimu ya manta inda ƙofa take. Ya sa kai ya fasa ɗaya gefen, ƙaraf, rumbu ya kife, ya fito da jinka a wuya, tabarau na lilo a kunne ɗaya, gindin wando duk gwaiduwa.

"Wayyo Inna! Maciji! Maciji mai fiffike!"

Turanci ko ɗaya bai fito ba. Ya kewaya durumi sau biyu, kaza na bin sa tana saran dunduniya, a na uku ya ɗare bishiyar kamar biri. A kan tabarma kuwa ba wanda ya motsa. Jatau ko taunar goronsa bai tsayar ba.

Malam Sidi ya ɗaga kai ya yi masa sallama, ya tambaya ko shi ne malamin. Tanimu na rungume da reshe ya ce shi ne, kuma duk abin nan shiri ne, haka ake koyarwa a Ikko. Malam Sidi ya ce madalla, to ya sauko ya ƙarasa darasin. Tanimu ya leƙa ƙasa, ya ga kaza ta baza gashi tana safa da marwa a gindin bishiya. Ya ce daga nan sama an fi jin muryarsa.

Baƙon ya juya ga ɗalibai ya tambaya ko akwai wanda ya fahimci kalmar. Jatau ya ɗaga hannu, karo na farko tun da aka buɗe ajin.

"Ranka ya daɗe, yau kam na gane. Sitatil shi ne abin da kazar nan ta yi wa Ticha."

Malam Sidi ya ce daidai ne, ko a birni ba za a faɗa fiye da haka ba. Ya rufe littafinsa ya miƙe. Tanimu ya ga an nufi mota, ya yi ƙarfin hali ya tambaya daga kan reshe, to maganar keke fa?

Malam Sidi ya ce, "Keke na wanda ya koyar ne, Ticha. Da na ba kazar nan, ƙafarta ce ba za ta kai feda ba."

To, dariyar ta isa haka. Ku tashi ku wanke ƙafa ku kwanta, kada in ƙara jin ko tarin wani.